Shirya Lambun Haɗin Gwiwa Kafin Saukar Hunturu a Mubi: Darasi Kan Aiki da Kalmominsa

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Mai lambu ya fi kowa sanin gaskiyar wannan karin magana, domin albasar da zai kai kasuwa a watan Maris, tun watan Oktoba yake fara yi mata hidima. A ƙasashe irin su Ingila da Kanada, sanyin farko na ƙarshen shekara shi ne ke rufe lambu. A garinmu Mubi kuwa, shi ne ke buɗe shi. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga ɗalibin harshe, musamman wanda gobe zai fassara wa manoma takardar faɗakarwa ko ya gabatar da shirin noma a gidan rediyo. Idan bai san lokutan shekara yadda Bahaushe ya kasa su ba, zai iya ce wa manomi ya tattara kayansa a daidai lokacin da ya kamata ya fito da su.

Ni haifaffen Mubi ne, kuma ba da Hausa na buɗe baki ba. A unguwa da kasuwa da makaranta na same ta, kamar yawancin abokaina. Na kuma taso ina taimaka wa iyayena a wani lambun haɗin gwiwa da ke gaɓar kogi. Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana yadda ake shirya irin wannan lambu kafin hunturu ya sauka, sannan in fito da abin da ɗalibi zai amfana da shi ta fuskar ma'ana da furuci da nahawu.

2.0 Mubi da Koginta

Mubi tana arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru. An raba ta ƙananan hukumomi biyu, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda ta shigar da yankin cikin Nijeriya, ita ce ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Akwai Fali da Gude da Njanyi da Fulani da Margi da Higi da Kilba da Hausawa da sauransu, kuma Hausa da Fulatanci su ne harsunan da ke haɗa jama'a.

Kogin Yedzaram ya ratsa garin ya nufi arewa, cikin Jihar Borno. Kogi ne mai cika da damina, ya janye da rani, amma ruwa yakan saura a ƙarƙashin yashinsa. Ruwan sama yakan fara sosai a watan Mayu ya ɗauke a watan Oktoba, kimanin milimita 900 zuwa 1,000 a shekara. Da zarar ya ɗauke, sai hankalin masu lambu ya koma kan fadamun da ke gaɓar kogin.

3.0 Lokutan Shekara a Bakin Bahaushe

Bahaushe ya kasa shekara gida biyu manya, damina da rani, sannan kowanne yana da rassa:

(a) Damina: lokacin ruwan sama. Tsakiyarta, wato wajen watan Agusta da ruwa ke yini yana zuba, ita ce marka.
(b) Kaka: lokacin girbi, daga ƙarshen damina zuwa wajen Nuwamba.
(c) Hunturu: lokacin busasshiyar iska mai sanyi da hazo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Akan kuma ce lokacin ɗari.
(d) Bazara: lokacin tsananin zafi kafin faɗuwar ruwa, wato Maris da Afrilu.

Fulanin Adamawa ma suna da irin wannan rabo: damina ita ce ndunngu, lokacin ɗari dabbunde, bazara kuma ceeɗu.

Sanyi da ɗari ba ma'anarsu ɗaya ba ce. Sanyi kalma ce mai faɗi: akwai sanyin ruwan randa, da sanyin marka mai laima, har da sanyin hali. Ɗari kuwa busasshen sanyi ne da iska ke kawowa, mai fasa leɓe da dunduniya. Idan ya tsananta sai a ce ana jaura. Iskar tana tasowa ne daga Sahara ta arewa maso gabas, kuma mafi yawan ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take kwaso ta. Saboda babu laima a sararin sama, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere da dare. Shi ya sa a wasu dararen Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauko ƙasa da digiri 15 a Mubi, alhali da bazara yakan kusanci digiri 40.

4.0 Sanyin da ke Kashe Shuka da Wanda ke Raya Ta

A Turai da Arewacin Amurka, idan kakarsu ta yi nisa, akan sami dare marar gajimare, marar iska, wanda sanyin ƙasa ke sauka zuwa digiri 0. A irin wannan dare raɓa takan daskare a kan ganye, ruwan da ke cikin ganyen ma ya daskare ya farfasa shi daga ciki. Da hantsi sai a tarar da tumatir da barkono da kabewa sun yi baƙi sun kwanta. Saboda haka masu lambu a can sukan tsinke 'ya'yan da suka rage tun kafin daren, su lulluɓe sauran shuka da mayafi, su binne tafarnuwa ta kwana a ƙasa har sanyi ya wuce, su jingine kayan aiki.

Hausa ba ta da tilon kalma ga wannan abu, domin ba a ganinsa a ƙasar Hausa. Sai an hau tsaunukan Azbin a Jamhuriyar Nijar, irin su Bagazam da tsayinsa ya kai mita 2,000, kafin a sami inda ruwa kan daskare da dare. Ƙanƙara ita ce wadda ke faɗowa tare da ruwan sama kamar tsakuwa, ko wadda ake yi a firiji. Dusar ƙanƙara ita ce mai sauka kamar audugar rimi. Babu ɗaya daga cikinsu da ta dace da wancan abu, domin shi ba daga sama yake faɗowa ba, a kan ganyen yake haɗuwa. A ganina "daskararriyar raɓa" ta fi kusa da ma'anar.

Sanyin Mubi bai kai ga daskarar da komai ba. Hasali ma shi ne abin da albasa da kabeji da karas da latas da tumatir ke so. Tumatir yana ɗaure 'ya'ya sosai idan dare na da sanyi. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai huce ba, fure yakan kaɗe. To, ke nan mai lambu a Mubi yana da 'yan watanni ƙalilan tsakanin ɗaukewar ruwa da shigowar bazara, kuma duk shirin da yake yi don kada ya ɓata ko mako ɗaya ne daga cikinsu. Kuɓewa da alayyafo kuwa zafi suke so, sukan yi nawar girma da hunturu, don haka akan jinkirta su zuwa lokacin da gari ya fara ɗumi.

5.0 Matakan Shiri

5.1 Zama da rabon fili

A lambun haɗin gwiwa aikin farko da baki ake yin sa. Tun kafin a gama girbi mahalarta sukan zauna su yanke abubuwa huɗu: wa zai riƙi wane yanki, nawa kowa zai zuba na mai da gyaran inji, wace rana ce ta ban ruwan kowa, kuma wa zai yi gadi. A namu lambun, waɗanda filinsu ke nesa da bakin ruwa su ake fara ba, saboda ruwa yana raguwa a hanya. Abin da ba a daidaita a Oktoba ba, shi ke zama rigima a Janairu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5.2 Rainon iri

Albasa da tumatir da kabeji da latas ba a shuka su kai tsaye. Akan gyara ɗan wuri mai laushin ƙasa, a yafa iri, a rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai don kada rana da iska su busar da shi. Da tsiro ya leƙo sai a ɗauke ciyawar. Irin tumatir da kabeji yakan isa dashe cikin mako 4 zuwa 5, na albasa kuwa sai mako 6 zuwa 8. Lissafin a fili yake: mai son dasa albasa a farkon Disamba, dole ya yafa iri a watan Oktoba. Karas shi kaɗai ne ba ya son dashe; inda aka yafa shi nan zai zauna, sai dai a rage masa cunkoso.

5.3 Shinge

Bayan kaka akan saki dabbobi su ci kara da harawar da ta saura a gonaki, kuma a lokacin babu wani kore a gari sai lambu. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata guda cikin sa'a ɗaya. Don haka akan yi gayya a kafa shinge da ƙaya, ko danga da karan dawa. Ta ɓangaren arewa maso gabas akan ƙara zana, domin ta tare iskar da ke kwantar da ƙananan dashe tana busar da ƙasa. Wajibi ne kuma a bar hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Lambun da ya toshe burtali ya sayi fitina da kuɗinsa.

5.4 Kaftu da fangali

Akan kafce ƙasa tun tana da sauran laimar damina, domin idan ta bushe fartanya ba ta shiga. Daga nan sai a shata fangali, wato ƙananan filaye masu kusurwa huɗu da aka kewaye da ɗan tudu, a ja hanyar ruwa a tsakaninsu. A nan ma akwai bambanci da noman damina: da damina kunya ake tayarwa don kada ruwa ya kwanta wa shuka, da rani kuwa fangali ake zurfafawa don ruwa ya zauna.

5.5 Taki

Mubi tana da babbar kasuwar shanu, wadda ake kawo wa dabbobi har daga Kamaru da Chadi, saboda haka kashin shanu ba ya wuya. Amma ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana jawo gara, yana kuma ɗauke da 'ya'yan ciyawa. Sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ya daina zafi, shi ake bazawa a cakuɗa da ƙasa kamar mako 2 kafin dashe. Takin zamani yana biyo baya, idan shuka ta kama ƙasa.

5.6 Ruwa

Iyayenmu da jigo suka yi ban ruwa: doguwar sanda da aka ɗora a kan gwafa, guga a kai ɗaya, nauyi a ɗaya kan. Daga baya ƙananan injuna masu shan fetur da rijiyoyin bututu suka yaɗu, musamman ta hanyar shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa Nijeriya da shi tun farkon shekarun 1990. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ban ruwa ya yi tashin gwauron zabo, abin da ya sa haɗa kuɗi a sayi mai tare, ko a nemi inji mai aiki da hasken rana, ya ƙara daraja. Kafin hunturu akan yashe rijiya, a gwada inji, a ɗaure inda tiyo ke yoyo. Ban ruwa da sassafe ko da la'asar ya fi, domin da tsakar rana busasshiyar iska tana shanye shi.

5.7 Dashe

Saura mako guda a yi dashe akan rage wa iri ruwa don ya yi ƙwari. Da yamma ake dasawa, a bi shi da ruwa nan take, ya kwana cikin sanyi kafin rana ta same shi. Tsakanin albasa da albasa akan bar santimita 10 zuwa 15, tsakanin tumatir ko kabeji kuwa 45 zuwa 60. Albasa takan yi wata 3 zuwa 4 bayan dashe kafin a cire ta.

6.0 Illar Makara

Wanda ya makara da wata guda, furen tumatirinsa zai haɗu da zafin Maris. Zafi kuma shi ne lokacin da ƙwari ke hayayyafa da sauri. A 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, manoma kuma ke kira sharon, ta lalata gonakin tumatir a Kano da Kaduna da wasu jihohi, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Dasawa da wuri, da tsinke ganyen da ya kamu a binne, da sauya wa tumatir wuri kowace shekara, suna rage ɓarna. Wasu kuma sukan jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya su fesa wa kabeji.

Akwai makarar da ba laifin manomi ba ce. A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi, jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru da duwatsu, sai a watan Nuwamba aka ƙwato garin. Kwanakin sun faɗo daidai lokacin rainon iri, kuma irin da ya yi kwana uku babu ruwa ya tafi ke nan. Lambu yana bukatar zaman lafiya kamar yadda yake bukatar ruwa.

7.0 Abin Lura ga Ɗalibin Harshe

7.1 Furuci

Mu da muka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, haruffa masu lanƙwasa da tsawon wasali da karin sauti su ne inda ya kamata mu fi sa ido. Lambu cike yake da misalai:

ƙura (ta hunturu) da kura (dabbar dawa)
raɓa (ta asuba) da raba (kasa abu gida-gida)
ƙafe (rijiya ta ƙafe) da kafe (ya kafe sanda a ƙasa)
ɗari (sanyi, mai dogon wasali a gaɓar farko) da ɗari (100, mai gajeren wasali)
nuna (tumatir ya nuna) da nuna (ya nuna mini hanya)

7.2 Jinsi

A Hausar kasuwa ta garuruwa irin namu akan ji an haɗe jinsi wuri ɗaya, amma a daidaitacciyar Hausa sai an bambanta. Damina da kaka da bazara da fadama da albasa da kuɓewa duk mata ne. Rani da hunturu da ɗari da hazo da lambu da tumatir maza ne. Don haka sai a ce "damina ta wuce, hunturu ya sauka", "albasa ta yi kai, tumatir ya nuna".

7.3 Giredin aikatau

F. W. Parsons ne ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai a 1960. Ga su da misalan lambu:

Giredi na 1: Ya dasa albasa.
Giredi na 2: Ya sayi iri, ya saye shi.
Giredi na 3: Barkono ya nuna.
Giredi na 4: Ƙasa ta bushe.
Giredi na 5: Iska ta busar da fangali.
Giredi na 6: Ta ɗebo ruwa daga kogi.
Giredi na 7: Shinge ya gyaru.

A lura da ganɗantawa, wato yadda /s/ da /z/ da /t/ ke komawa /sh/ da /j/ da /c/ a gaban wasalin /e/ ko /i/: dasa ta ba da dashe, baza ta ba da baje, ɓata ta ba da ɓaci.

7.4 Aro da bambancin kari

Tumatir da kabeji da karas da latas da shebur da baro daga Ingilishi aka aro su, albasa daga Larabci, attaruhu daga Yarbanci, tiyo daga Faransanci. Ita kuma Hausa ta ba da aron "fadama", wadda yanzu ake rubuta ta haka nan a takardun Ingilishi na aikin gona. Abin da muke kira lambu, a Nijar da wasu sassan Katsina da Sakkwato garka ake ce masa. Darbejiya ma wasu dogon-yaro suke kiranta, wasu bedi, wasu maina.

7.5 Faɗaɗa ma'ana

Kalmar jigo da muke amfani da ita a darasin adabi tana da dangantaka da jigon lambu. Jigo shi ne abin da nauyi ya rataya a kansa. Daga nan aka sami "jigon jam'iyya" da "jigon labari". Haka ma dashe ya shiga asibiti, ana cewa dashen ƙoda. Raino kuwa daga ɗaki ya fito ya shiga lambu.

8.0 Tattaunawa

Saurayi: Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba.
Dattijo: Alaikumus salam. Yawwa, sannu ɗana. An tashi lafiya?
Saurayi: Lafiya lau. Ina sanyi?
Dattijo: Sanyi lokacinsa ne. Ya mutanen gida?
Saurayi: Suna gaishe ku. Baba, ku duba mini irin nan, ko ya isa dashe?
Dattijo: Ƙirga ganyen. Uku ne, ko? Bari ya yi huɗu ko biyar. Daga yau ka rage masa ruwa.
Saurayi: Ba zai bushe ba?
Dattijo: Ƙwari zai yi. Ran da za ka dasa, ka bari sai bayan la'asar.
Saurayi: To, Baba. Na gode, Allah ya ƙara girma.
Dattijo: Amin. Ka gaya wa babanka jibi ne gayyar shinge.

A lura da yadda saurayin ya yi amfani da "ku" ga mutum ɗaya don girmamawa, dattijon kuma ya amsa masa da "ka".

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa shirin lambu a Mubi tsere ne da lokaci: a zauna a daidaita, a yi rainon iri a Oktoba, a kafa shinge, a gyara fangali da taki da ruwa, a yi dashe da farkon hunturu domin a kwashe amfani kafin bazara. An kuma ga cewa sunan lokaci a kowane harshe yana tafe da aikin da masu harshen ke yi a cikinsa. Kakar Bature tana kai shi ga jingine fartanya, kakar mutumin Mubi tana kai shi bakin kogi. Ɗalibin da zai yi fassara sai ya tambayi kansa wane aiki manomin da zai saurare shi ke yi a wannan wata, kafin ya zaɓi kalma.

10.0 Aikin Yi

1. Bayyana bambancin sanyi da ɗari da jaura, ka sa kowanne cikin jimla.
2. Kawo aikatau "zuba" a giredi na 1 da na 4 da na 5 da na 6, tare da misalai daga aikin lambu.
3. Fito da jinsin waɗannan kalmomi: zana, danga, shinge, fangali, rijiya, taki, fartanya.
4. Ziyarci lambu mafi kusa da kai, ka tattaro kalmomi 20 daga bakin masu aikin. Idan kana da wani harshe bayan Hausa, rubuta takwarorinsu a cikinsa, ka nuna waɗanda aka aro daga Hausa da waɗanda ba su da takwara.